Butar Sakacen Baba

Shekarun baya kaɗan, ban daɗe da fara koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Wudil ba, aka yi wani abu a gidanmu wanda har yau in na tuna sai na ji kaina ya ɗan fasu. Wata daga cikinku masu karanta rubutuna ce ta tayar mini da shi. Ta tambaye ni wace na'urar sakacen ruwa ya kamata ta saya, babbar da ake girkewa a wuri ɗaya a jona da wuta, ko kuwa ƙaramar ta hannu mai caji. Na fara rubuta mata amsa a layi biyu, na ga ba za ta yiwu ba. Ku gyara zama, kun dai san ni ban iya gajarta labari ba.

Mahaifina shi ne limamin ƙaramin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ba wani babban malami ba ne da ake tasowa daga nesa a ɗauki karatu a wurinsa. Manomi ne, gonarsa na can wajen Lajawa, amma Allah ya ba shi murya, ya kuma ba shi fitar da harafi tas. Mun tashi muna jin karatunsa a lasifika kamar yadda muke jin kiran sunayenmu. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, takan ajiye muciya in ya ja sallar magariba, ta yi tsaye tana saurare. In ka ce ka gan ta sai ta ce hannunta ne ya gaji.

Sai kuma muka lura ya fara ja da baya. Azahar da la'asar, da ake karatu a ɓoye, yana shiga gaba kamar kullum. Amma magariba da isha'i da asuba sai ya tura na'ibinsa, shi ya tsaya a sahu. Ya daina cin gasasshiyar masara, abin da ya fi so a duniya bayan fura. In zai yi wa mutum magana kusa da kusa sai ya kare baki da hannu. Wanda duk ya tambaye shi, amsar ɗaya ce: girma ne ya zo, a bar yara su koya.

Ni ban yarda ba. Wata rana na je gida bayan an tashi daga makaranta, na same shi a kan dutsensa na alwala, can bayan ɗaki kusa da rijiya. Yana cire asuwaki daga bakinsa na ga kan asuwakin ya yi jajir. Ya yi sauri ya ɓoye shi a hannun riga, amma na riga na gani. Na durƙusa na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Auta, in ina karatu jini nake ji a bakina. Ga haƙorana na gaba na ƙasan nan biyu suna motsi, iska na fita ta tsakaninsu. Ba zan tsaya gaban jama'a ina ɓata littafin Allah ba."

A ranar na kira yayana. Shi ne ɗan fari, ni ce auta, tsakaninmu akwai mutane da shekaru masu yawa. Yana aikin gwamnati a Kano, kuma mutum ne mai hannu a sake, ban taɓa ganin wanda ya kai shi son iyaye ba. Matsalarsa ɗaya: in zai yi musu abu, sai ya nemo mafi girma a shagon. Shi ya saya wa Inna firijin da har yau kwanukan tangaran take jerawa a ciki. Shi ya gina wa Baba sabon ɗaki mai banɗaki a ciki, da tayil har sama, da wurin wanke hannu na tangaran, da madubi. Washegari ya zo da mota ya kwashe mu zuwa wurin likitar haƙori a Kano.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ta duba, ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran, sannan ta zaunar da mu. Ta ce dasashin ne ya kumbura ya fara sakin haƙoran, kuma ciwon sugan da Baba ke fama da shi yana ƙara wa abin wuta. Asuwaki da buroshi suna aikinsu, amma ba sa shiga tsakanin haƙora, a nan kuwa cutar take kwana. Ta gwada masa zaren sakace, sai ta ga hannunsa na ɗan rawa, ba zai iya ba. Shi ne ta ce a nemo masa na'urar da ke fesa ruwa siriri da ƙarfi, ta bi gefen dasashi ta wanke tsakanin haƙora, kuma ya riƙa amfani da ita kullum ba fashi. Ta ce mu dawo bayan 'yan watanni. In kumburin ya sauka, za ta bar masa na gaban nan biyu. In bai sauka ba, sai dai a cire su.

Na kalli Baba a lokacin. Na ga ya damƙe tasbaharsa. Ni na san abin da yake lissafawa. Ba tauna ce ta dame shi ba.

Muka bar shi a mota, ni da Yaya muka shiga wani shagon kayan asibiti. Mai shagon ya ɗora mana guda biyu a kan kanta. Ta farko babba ce, da tankin ruwa kamar ƙaramar kula, da siririn tiyo, da igiyar da ake jonawa a soket. Ya ce tana da matakan ƙarfi iri-iri, ruwanta ba ya ƙarewa sai ka gama, kuma tana da kawunan tiyo da yawa, kowa a gida zai iya samun nasa. Ta biyun kuwa ba ta wuce tocila ba. Tankinta a jikinta yake, ana yi mata caji kamar waya, ƙarfinta bai kai na babbar ba, ruwanta kuma yakan ƙare kafin ka zagaye baki sai ka ƙara.

Yaya bai ko ɗaga ƙaramar ba. Ya ce, "Ba mu babbar."

Na ce, "Yaya, da ka duba ƙaramar nan. Wutar gidanmu fa ka san halinta."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Baban namu za mu saya wa abin wasan yara? Ke ba ki ji abin da likita ta ce ba ne? Haƙori ake magana, ba kwalliya ba. Wuta kuma ai tana zuwa."

Mai shago ya goyi bayansa, abin da ba zai ba kowa mamaki ba tunda babbar ta fi tsada. Na ja bakina na yi shiru, don a gidanmu auta ba ta da ƙuri'a, sai dai a aike ta. Amma tun daga Kano har muka hau gadar Wudil ban ce wa kowa komai ba, ina kallon kogi ina kumbure-kumbure, babu ma wanda ya lura ina fushi.

Yaya da kansa ya girke na'urar a banɗakin sabon ɗakin, a gefen wurin wanke hannu, ƙarƙashin madubi. Ya kunna ya nuna yadda take aiki. Gaskiya ta yi kyau a wurin, sai ka ce a otal. Baba ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Allah ya yi albarka." Bai dubi Yaya ba, don haka suke. Ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin Baba ko Inna sun ambaci sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "yayanku". Hirarsu ba ta wuce gaisuwa da addu'a.

Aka kwana biyu. Kullum na tambayi Baba yana amfani da ita, sai ya ce, "Tana nan lafiya." Na ɗauka amsa ce. Sai ranar da na shiga share masa ɗaki na leƙa banɗakin. Tankin a bushe ƙamas, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da madubi. Asuwakin Baba kuwa na nan da jininsa kamar da.

Na fito raina a ɓace na sami Inna tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, wai me Baba yake nufi? So yake a cire masa haƙoran? An kashe kuɗi an sayo abu, ko taɓawa bai yi ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke da kika tashi a gidan nan, kin taɓa ganin Malam ya shiga bayi da asuwaki?"

Na tsaya cak. Ban taɓa gani ba. Mutumin da ke cire zobensa mai rubutu ya ajiye a taga kafin ya shiga kewayawa. Mutumin da in yana ciki ko gobara ake ba zai amsa kira ba. Wanda bai taɓa kai asuwaki bakinsa ba sai ya yi bisimilla a fili, abin da ba zai yi a banɗaki ba ko da tayil ɗin zinare ne. Mu da muka yi boko mun saba, buroshinmu na nan gefen masai ba ma jin komai. Shi kuwa a wurinsa bakin da zai yi karatu da shi ba a can ake wanke shi ba.

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?"

Inna ta ce, "Ya faɗa wa wa? Ya kira yaron nan ya ce kyautarka ba ta yi mini ba? Ai gara haƙoran su zube."

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce abu ne mai sauƙi, zai zo ranar Asabar. Ya zo da doguwar igiyar wuta, ya jawo ta tun daga ɗaki har tsakar gida, ya kife turmi ya ɗora na'urar a kai. Muka zauna jiran wuta. Ba ta zo ba sai da hantsi ya ɗaga, lokacin da kowa ke tsakar gida, har da matan 'yan'uwana biyu da ke zaune a gidan. Aka kira Baba, ya zo ya zauna don kada ya watsa wa ɗansa ƙasa a ido. Yaya ya kunna. Abin ya ɗauki ƙugi kamar ƙaramin injin markaɗe, kaji suka watse, jikoki suka taru.

Baba ya sa kan tiyon a baki. Ruwa ya biyo gemunsa ya zubo a gaban riga. Ɗaya daga cikin surukansa ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, ɗayar ta bi bayanta. Ya zare abin a hankali ya ajiye a kan turmi, ya shafa gemunsa, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya fice zaure. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Yaya ya tsaya riƙe da igiya yana kallon ƙasa, ga shi ko mintuna kaɗan ba a ƙara ba aka ɗauke wutar.

Lokacin komawa wurin likita kuwa yana ta matsowa, babu abin da ya canza a bakin Baba. Da albashi ya shigo, ban yi shawara da kowa ba sai mijina. Na hau mota na koma shagon nan na ce a ba ni ƙaramar. Mai shago ya gane ni, ya ce, "Hajiya, babbar ta lalace ne?" Na ce lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya ma.

Na ce ba zan kai wa Baba abin da ban iya ba, don haka na fara gwadawa a kaina. Kada ku so ku ga yadda aka yi. Na danna maɓallin tun kafin na sa a baki, ruwa ya tsarge madubi, ya haye silin, ya dawo mini a ido. Na sa a baki ina kallon madubi baki buɗe, ya jiƙa mini gaban riga sharkaf. Mijina ya jingina da ƙofa yana dariya har da riƙe ciki, wai in na gama wanke gidan in zo in wanke masa babur. Na share shi. A hankali na gane kanta: sai ka sa a baki sannan ka kunna, ka sunkuya, ka ɗan rufe leɓe ruwan ya riƙa zuba da kansa, ka fara da mataki mafi rauni, ka bi gefen dasashi haƙori bayan haƙori. Ruwan kuma in da ɗan ɗumi ya fi daɗi.

Gaskiyar mai shago ce, ruwan yakan ƙare a tsakiyar aiki. Ina tsaye ina tsaki zan ƙara, sai abin ya faɗo mini: ai Baba bai taɓa zama wanke baki babu buta a gefensa ba. Sunkuyon da ni nake koyo, shi haka yake zama a kan dutsensa sau biyar a rana. Ruwan da ke ɓata mini tayil, shi ƙasa ce za ta shanye. Duk abin da ake kira aibin ƙaramar, a wurin Baba ba aibi ba ne.

Na nufi gida da ita a jaka ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓe. Na nuna wa Inna. Ta juya ta a hannu, ta ce, "Wannan kam za ta yi. Amma ba zai karɓa daga hannunki ba."

"Saboda me?"

"In ya ɗauki taki ya ajiye ta yaron nan, ya nuna wa gida cewa babba bai iya ba, auta ce ta iya. Malam ba zai yi haka ba. Ki kai wa yayanki, ya kawo da hannunsa."

Tunanina ne, albashina ne, ni na sha wanka da ruwan sakace, amma a ce wani ne zai karɓi addu'ar? Ni da nake jira tun ina yarinya a ce sau ɗaya maganata ta yi daidai a gidan nan? Na ce wa Inna ba adalci. Ta ce, "To zaɓi. Ko a ce kin iya, ko Malam ya koma gaban sahu." Ta ci gaba da aikinta ta bar ni a tsaye.

Ranar Asabar na tafi Kano gidan Yaya. Na gaishe shi yadda ya kamata, na bari ya gama shan shayinsa, sannan na ciro ta na ajiye a gabansa. Na ce, "Yaya, ba cewa na yi babbar ba ta da kyau ba. Ta fi wannan komai. Amma ita sai an je inda take, Baba kuwa ba zai je ba. Wannan ita za ta bi shi. Ka kai masa ka ce ta tafiya gona ce, waccan kuma ta gida. Ka ga babu wadda aka ƙi."

Ya daɗe yana kallonta. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai kawai ya ce, "Ke dai akwai taurin kai. Nuna mini yadda ake yi." Na cika mata ruwa na miƙa masa, kuma Allah ya gani na yi niyyar gaya masa ya fara sawa a baki, amma ya riga ni dannawa. Ruwan ya wanke masa tabarau tas. Muka kalli juna muka fashe da dariya, abin da ban tuna rabon da mu yi tare ba.

Washegari ya zo Wudil. Ya durƙusa a gaban Baba a zaure, ya miƙa da hannu biyu, ya faɗi abin da muka tsara. Baba ya karɓa, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya zura ta a aljihun riga ya ga ta shige. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Kalmomin dai su ne na kullum, amma ni da nake laɓe a bayan ƙofa na ji bambanci.

Ni aka bar wa koyarwa. Kafin la'asar muka zagaya bayan ɗaki, inda katanga ta kare dutsensa daga idon kowa. Na sirka masa ruwa daga filas ɗin shayi na zuba. Ya zauna yadda ya saba, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla a fili, sannan ya kai ta baki. Ruwan da ya fara zuba ja ne. Ya dube ni, na ce likita ta ce haka zai yi da farko, kada ya daina. Ya ci gaba. Da tankin ya ƙare, kafin na miƙa hannu ya riga ya ɗauki buta ya ƙara da kansa. Da ya gama ya goge ta da gefen rawani ya ce, "Wannan tana da ladabi, ba ta tara wa mutum jama'a."

Tun daga ranar ya sa mata suna butar sakace. Tana cikin jakar fatarsa tare da rediyo da tasbaha. In zai tafi Lajawa da damina, tana rataye a kafaɗarsa a bayan babur, ya yi sakacensa a gindin bishiya bayan ya ci abin da aka kai masa. Cajinta kuwa Inna ta karɓe, tana jona ta a ƙaramin solan da take cajin tocila da waya. Sau ɗaya ta toshe saboda yashin ruwan rijiya, Baba ya aiko a kira ni kamar an yi rashin lafiya a gidan. Daga nan Inna ta ware sabon ƙyallen tatar kamu, da shi take tace masa ruwan, babu mai taɓa shi.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba, kuma na sha zullumi. Akwai lokacin da na ga kamar jinin ba ya raguwa, na kasa cin abinci, ina tunanin in aka cire haƙoran nan za a ce da an dage da babbar da ba haka ba. Amma sannu a hankali kan asuwakin ya koma kalarsa. Hannun da yake kare baki da shi ya sauka.

Da muka koma Kano, likitar ta daɗe tana dubawa da ɗan madubinta, mu kuma muna zaune kamar masu jiran hukunci. Ta ce akwai na can baya guda ɗaya da ya riga ya mutu, wannan sai an cire. Amma dasashin ya sauka, jinin ya tsaya, na gaban nan biyu motsinsu ya ragu, ba ta ga dalilin taɓa su ba muddin ya ci gaba da yadda yake yi, ya kuma kula da sugansa. Ta tambaya wace iri aka saya masa. Baba ya zura hannu a jaka ya ciro butarsa ya ɗora mata a tebur, har ta ɗan koɗe don yawo. Yaya ya dube ni ta saman tabarau, ni kuwa na kama bakina da ƙyar.

Duk da haka Baba bai koma gaban sahu nan take ba, mu kuma babu wanda ya isa ya tambaye shi. Sai wata ranar Alhamis, na tsaya a gida ina taya Inna tuwo. Aka kira magariba, aka tayar da iƙama. Ina tsugune ina iza wuta, ina jiran muryar na'ibi kamar yadda muka saba a watannin nan. Lasifika ta ɗan yi ƙara, sai Fatiha ta fito da muryar da na sani tun ina goye. Kowane harafi a mazauninsa, babu iskar da ke zurarewa.

Inna ta ajiye muciya. Wannan karon ba ta ce hannunta ne ya gaji ba. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina hawaye, na bar wa hayaƙi laifin. Tuwon ranar ya yi gudaji, babu wanda ya yi ƙorafi.

Da ya shigo bayan isha'i ya ci abinci, sai ya ciro butar sakace daga jaka ya miƙo mini. "Auta, zuba mini ruwa."

Na karɓa ina zubawa. Bakina da ba ya iya shiru ya ce, "Baba, Yaya dai ya iya zaɓe."

Ya ɗan yi murmushi, haƙoran nan biyu suka bayyana. Ya ce, "Yayanki ya iya bayarwa, Allah ya ba shi. Amma wanda ya zaɓo wannan ya san inda nake alwala." Ya karɓi abarsa ya zagaya bayan ɗaki.

An yi mini yabo a rayuwa, a makaranta da wurin aiki, amma babu wanda na riƙe kamar wannan. Ban kuma taɓa gaya wa Yaya ba, in ya karanta a nan to ya yi haƙuri.

Saboda haka, 'yar'uwa mai tambaya, ba zan ce miki wannan ta fi waccan ba. Babbar ta fi ƙarfi, ta fi ɗaukar ruwa, ba ruwanki da caji, kuma in kuna da yawa a gida kowa sai ya sa nasa kan tiyon. In kina da wurin wanke hannu da soket a kusa da wutar da za ki dogara da ita, ki saye ta. Kada ku yi mini dariya, amma babbar nan ta Yaya yanzu haka tana banɗakina, Baba ya ce in ɗauka kada ta lalace a banza. Ni da na yi fushi a kanta tun daga Kano har gada, ni ce nake amfani da ita kullum, kuma ina jin daɗinta. Ƙaramar kuwa sai kin jure ƙara ruwa da tuna caji, amma tana shiga jaka, tana zuwa gona, ba ta jiran wuta. Kafin ki tambayi mai shago komai, ki fara duba mai bakin: a ina yake wanke shi, a wane lokaci, kuma a gaban wa zai iya sunkuyawa ruwa na zuba daga bakinsa. Sannan ki fara ganin likita, don na'urar ba ta kankare abin da ya riga ya daskare.

Baba ya ƙara tsufa yanzu, butar ma ta biyu yake kai, wannan karon Yaya ne ya sayo, bai ko kalli manyan ba. Gidana ba shi da nisa da masallacin, in iska ta juyo ina jin magaribarsa daga tsakar gida. Nakan tsaya da duk abin da ke hannuna har ya kai ƙarshen sura. Mijina yakan ce, "Ga ta nan, za a fara tuna mana." Ni kuwa ba na musu. Haƙoran nan biyu da karatun ke bi ta kansu, Allah ne ya tsayar da su, amma da hannuna a ciki.